Da An Ga Watan Sallah Ku Tashi

Bahiya, watan Gani, shekarar Nasara ta 1862

Daga Uwani mai ƙosai zuwa ga mijina da ya gudu, jikana Idirisu, a Ikko.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina nan lafiya, in ban da gwiwar hagu da ta rantse ba ta ƙara hawa gangaren Ladeira da Praça sai na zage ta. Haƙori ɗaya ya sake faɗuwa. Saura bakwai, kuma biyu ne kawai ke gaisawa da juna. Ka yi haƙuri da rubutuna. Izu uku na yi a Katsina kafin mahara su kwashe mu, sauran marigayi kakanka ne ya ƙarasa mini da faɗa.

Shekara uku ke nan da ka hau jirgi. Ba saki, ba zane, ba ko goro. Da akwai alƙalin Musulunci a garin nan da tuni na kai ka ƙara. Malam Haruna, wannan da ke kai muku taba ya dawo mana da goro, ya ce wai ka tara gemu. Na ce ƙarya ne, yaron da na sani ko majinarsa bai iya riƙewa ba.

Ubanka yana lafiya. Kada ka sa ran in rubuta sunansa. Ɗan fari ne, shekara arba'in da huɗu bakina bai kama sunan nan ba, ba kuwa a takarda zan fara ba. In ta kama dole, ina ce masa Jowakin, sunan da iyayengijinmu na dā suka liƙa masa ranar da suka zuba masa ruwa a ka. Wannan ba suna ba ne, rigar aro ce.

Wata biyu ke nan yana gyaran benci da tagogi a wata 'yar coci da ke bayan kasuwa. Limamin cocin, Fada Bento, wani siriri ne kamar sillen kara, ga tari. Ran nan ya tarar da ubanka yana sallar azahar a ɓoye bayan tarin katako. Ubanka ya ce a ransa shi ke nan, yau sai kurkuku. Mutumin nan sai ya ja da baya a hankali ya rufo ƙofa. Washegari aka ga sabuwar tabarma a wurin.

Bayan kwana biyu Fadan ya zo gindin kaskona, ya ci ƙosai huɗu a tsaye, ya lashe manjan yatsunsa, ya ce, "Na gode, Inna." Da Hausa! Saura kaɗan matsami ya faɗa cikin mai. Ashe wata baiwa ce Bahaushiya mai suna Asma'u ta goya shi a gidan ubansa a unguwar Vitória, har aka sayar da ita bayan tawayen bayi. Hausarsa duka ba ta wuce kalma goma ba, kuma rabi na abinci ne. Ya ce yana mini addu'a in gane hanya. Na ce ni ma ina yi masa, sai mu ga ta wa za ta riga isa.

In za ka rubuto, ka ba Malam Haruna hannu da hannu. Ka san garin nan: Bature in ya ga baƙaƙen Larabci a takarda, wuƙa yake gani.

Kakarka, kuma matarka har sai na ga takardar saki,
Uwani

Ikko, watan Azumin Tsofaffi

Daga Idirisu zuwa ga amaryata mai haƙora bakwai.

Gaisuwa da girmamawa, Kaka, ke da Baba. Ina lafiya, aikin gini yana tafiya, gemu kuma gaskiya ne. Ga zane na aiko, a janye ƙara.

Kaka, a nan ladan yana hawa sama ya buɗe murya, ba mai ce masa kul. Ranar da na fara ji sai da na zauna a ƙasa na yi kuka, mutane suna kallona. Tun daga ranar ba na iya tuna Baba yana salla a bayan katako kamar ɓarawo ba tare da zuciyata ta yi zafi ba.

Na gama ɗakuna biyu, naki har da dakali saboda gwiwa. Malam Haruna ya ce jirginsu zai juyo nan bayan azumi. Saboda haka ga magana, ki gaya wa Baba: da an ga watan Sallah ku tashi gaba ɗaya. Kada ku bar kowa. Baba ya haɗa ƙarafansa duka, za su yi aiki. Kada Nasara su ji labari sai kun gama shiri.

Har da Fadan nan nake nufi. Ba na son labarin tabarmarsa. Na tashi a cikinsu, na san su, ba sa ba da tabarma a banza. Yau tabarma, gobe sarƙar gicciye a wuya. Ke kuma ki daina yi masa gyaran ƙosai.

Jikanki,
Idirisu

Bahiya, ashirin ga watan Azumi, 1863

Idirisu,

Ina gaishe ka. Jikina lafiya. Ubanka yau kwanansa tara a kurkuku.

Takardarka ta iso. Sau uku ya karanta mini, yana zuwa wurin dakali sai ya yi dariya. Na ce to, ƙona ta. Ya ce hannun ɗansa ne, ya sa ta cikin akwatin kayan aiki. Wani kafinta ɗan cocin, wanda suka yi sa-in-sa da shi a kan aikin tagogi, ya gan ta ya kai wa 'yan doka.

Sun nemo mai fassara, wani tsohon Banufe da ya tsinci Hausa a hanya. Ya ɗauki maganarka kalma kalma ya juya musu. Inda ka ce ku tashi gaba ɗaya, ya ce ku yi tawaye. Inda ka ce kada ku bar kowa, suka ƙara masa "da rai". Ƙarafan ubanka suka zama takubba. Ga kuma watan Sallah a ciki.

Kai ba a haife ka ba lokacin, shi ya sa. Shekara ashirin da takwas da suka wuce, a ƙarshen azumi ne mutanenmu suka yi tawaye, suka fito da farar riga daga wani gida a kan gangaren nan namu. Kakanka ko ƙofa bai leƙa ba. Allo kawai aka samu a ɗakinsa. Aka yanke masa bulala, ana yi kullum ana ƙirgawa, bai kai ƙarshen ƙirgar ba. Garin nan bai manta ba, mu ma ba mu manta ba.

Yanzu ana bi gida gida ana bincike. An jefi ƙofarmu. Matan da suka shekara goma suna cin ƙosaina, in sun hango ni sai su tsallaka titi. Samarin Yarabawa 'yan dako kuma suna cewa za su ƙone gidan mai tsegumin, wato dai a ba 'yan doka tawayen da suke nema.

Fada Bento ne ya je ya riƙo hannun tsoho Malam Muhammadu, limaminmu, suna bin matattarar 'yan dako ɗaya bayan ɗaya. Malam yana magana da Yarabanci, Fada yana tari yana gyaɗa kai. Malam ya ce musu, "In kuka kunna wuta, bayan Jowakin za ta fara ci." Sun haƙura zuwa yanzu. Ran Lahadi kuma an ce Fada ya hau mumbarinsa ya ce dokar ƙasar da kanta ta yarda kowa ya bauta wa Allah a cikin ɗakinsa, kuma takarda ba laifi ba ce don kawai ba ka iya karanta ta ba. Rabin mutanen suka fice suka bar shi yana magana da bencin da ubanka ya gyara.

Jiya na yi abin da ban taɓa zaton zan yi ba. Na shiga cocinsa da ƙafata, na durƙusa a gabansa, na ba shi abin da na riƙe tun rasuwar kakanka, abin da ya fi mini komai a duniya. Ba zan rubuta sunansa a nan ba. Ya karɓa da hannu biyu. Yanzu in sun zo, ba abin da za su samu a wurina.

Malam Haruna zai cusa wannan cikin naɗin taba. Jirginsu ya fasa jiran Sallah, garin ya yi zafi. Ka yi mana addu'a a inda ake yin ta da ƙarfi.

Uwani

Ikko, watan Layya

Zuwa ga kakata Uwani.

Gaisuwa. Ba zan ce ina lafiya ba. Na tari jirgi da tsammanin ganinku, sai Malam Haruna ya miƙo mini takarda mai warin taba.

Na san hannuna ne ya kai Baba inda yake. Kwana uku ban ci abinci ba. Wannan tsakanina da Allah ne.

Amma ƙarshen takardarki ya fi farkonta ciwo. Na karanta, na ba wani malami ya karanta, ma'ana ɗaya muka samu. Kin shiga coci, kin durƙusa wa Fada, kin ba shi abin da kika riƙe tun rasuwar kakana, kuma yanzu ba abin da za a samu a wurinki. Me kika riƙe in ba addini ba? Kin haye teku cikin sarƙa da shi, kin ga bulalar mijinki da shi, sai yanzu?

Ban gaya miki ba? Wa ya fara ganin Baba yana salla? A cocin wa aka buɗe akwatinsa? Shi ya haƙa ramin, sannan ya tsaya a baki yana miƙo miki igiya, ke kuma kin biya. Wallahi, Kaka, gara in ji Baba ya mutu a kurkuku da kalmar shahada a bakinsa, da in ji an fanso shi da imaninki.

Ki gaya mini gaskiya: da wane suna zan riƙa kiranki yanzu?

Idirisu

Bahiya, watan Gani, 1863

Daga Uwani, wadda har yanzu Uwani ce, zuwa ga sakaran mijina.

Ina gaishe ka. Gwiwa tana nan da halinta. Haƙora shida. Takardarka ta yi wata biyu a ruwa. Akwai layi ɗaya a cikinta da nake roƙon Allah ya mantar da kai ka taɓa rubutawa. Zauna ka bi magana a jere, kada ka tsallaka ƙarshe yadda kake yi mini in ina ba ka tatsuniya.

Da farko, kai da malaminka ku haɗu ku sayi hankali. Addini ƙunshi ne da ake karɓa da hannu biyu? Alƙur'anin kakanka ne, wanda ya rubuta da ka, ganye ganye, a takardun ƙunshin sukari. Shekara ashirin da takwas yana cikin tukunyar wake. Da an same shi a ɗakina a makon nan, da mu biyu za a ɗaure. Fada ya sa shi cikin akwatin rigunan ibadarsu, inda ɗan doka ba ya kai hannu. Durƙuson kuwa, yaushe ka ga mace Bahaushiya ta roƙi arziki a tsaye? Tashin ne ma ya gagara, sai da ya kamo ni.

Sallah ta zo ta wuce, ba wanda ya tashi. Muka ce to yanzu za su gane. Suka ce ai don sun kama shugaban ne. Fada ya riƙa zuwa ƙofar alƙali kullum, yana zama a matakala yana tari, har mutumin ya gaji ya ce a shigo da shi. Ya tafi da ni.

Alƙalin wani mai tumbi ne, da hankici a hanci saboda warin manjana. Fada ya ɗora yatsa a kan takardarka ya ce, "Ranka ya daɗe, kalmar nan na san ta kafin in san addu'ar farko. Kowace safiya matar da ta goya ni tana jan ƙafata tana cewa tashi, tashi. In tawaye take nufi, to shekara bakwai na yi ina tawaye kafin karin kumallo."

Alƙali ya ce, "Fada, da rigar nan a jikinka kake tsaya wa mutumin da aka yi wa baftisma ya koma yana dungura goshi a ƙasa? A cikin cocinka?"

Ya ce, "Ban zo in ce addininsa gaskiya ne ba. Kullum ina roƙon ya bar shi. Amma in bulala ce za ta kawo mini shi, ba na so. Wanda nake bauta wa ma ba ya so, ya san ɗanɗanonta."

Sai aka ce tsohuwa ta yi magana. Na yi da Fotugis ɗina na kasuwa. Na ce, "Ranka ya daɗe, a wurinmu mai barci yana tashi. Tsuntsu yana tashi. Kasuwa in ta watse, ta tashi. Matafiyi in ya ɗauki kaya, ya tashi. Hankalina ma tun da kuka kama yaron nan a tashe yake. Ƙullun ƙosaina kullum sai ya tashi kafin in soya. In kowane tashi tawaye ne, a aika a kamo ƙullun nan, ya fi kowa laifi a Bahiya."

Magatakarda ya tuntsire da dariya, alƙali ya harare shi. Ya ce, "To, kada ku bar kowa fa?"

Na ce, "Ni ce kowan. Jikana ya san zan ce na tsufa, a tafi a bar ni."

Ya ce, "Ƙarafan?"

Fada ya ce, "Zarto da guduma. Suna cocina, har yanzu taga biyu ba ƙyaure."

Bayan kwana shida aka sako ubanka. Kwanansa arba'in da ɗaya a ciki. Mutum huɗu suka kawo shi a kan ƙyauren ƙofa, a kife, don bayan ba ya kwantuwa. Tun makon farko suke dukansa ya faɗi sunayen 'yan tawaye, shi kuwa ba shi da sunan da zai faɗa. Na wanke, na sa magani, na sake wankewa. Naman ya riga ya ɓaci. Abin da ya fara tambaya shi ne takardarka. Fada ya koma ya karɓo masa ita, ya sa ta ƙarƙashin kumatunsa.

Kwana biyar ya yi a ɗakina. Ubanka ya rasu, Idirisu, saura kwana uku watan Sallah ya ƙare. Ko da ka zauna rubuta takardar nan taka, ya fi wata a ƙasa.

Ana gobe zai cika, Fada ya zo da 'yar kwalbar man da suke shafa wa mai mutuwa. A littafinsu ubanka nasu ne, kuma aikinsa ke nan. Ya tarar da ni ina laƙƙana masa kalmar shahada, leɓensa na bi. Ya daɗe a tsaye da kwalbar a hannu. Na ga abin ya yi masa nauyi, don shi da gaske ya yarda man nan ne tsira. Sai ya mayar da ita aljihu, ya fita ya tsaya a bakin ƙofa, ya ba mu baya. Wata maƙwabciya ta zo leƙe ya kore ta.

Malam Muhammadu ya yi wanka da sutura, muka sallace shi cikin ɗaki. Fada ya shiga gaban makara har maƙabarta, saboda haka ba ɗan dokan da ya ce a buɗe likkafani. Da aka zo juya fuskarsa gabas, sai tari ya kama shi, ya koma gefe yana kallon teku har aka gama.

Ban ce maka waliyyi ne ba. Yana cin alade, kuma har ranar ƙarshe bai daina kwaɗayin ganina a bencinsa ba. Amma ramin da ka ce ya haƙa, shi ma ya faɗa. 'Yan cocinsa sun kai ƙararsa wurin manyansa. An ɗauke shi an tura can cikin daji, inda aka ce ruwan sama yana shekara bai sauka ba, da wannan ƙirjin nasa. Da safen da zai tafi ya biyo ta gindin kaskona da ƙunshin kakanka a ƙarƙashin riga, ko igiyar bai kwance ba. Na ƙunsa masa ƙosai. Ya ce, "Inna, na tashi." Na ce, "Ka yi a hankali, kada a kama ka." Muka yi dariya, irin wadda ba ta da daɗi.

Ga ƙunshin nan wurin Malam Haruna. Ka karanta shi da ƙarfi, ƙofa a buɗe. Kada kuma in ƙara jin ka ce hannunka ne. Hausa ka rubuta, daidai ka rubuta ta. Ɗakina ka sa matarka in ka samu, na sake ka. Ni ba zan zo ba. Mutum biyu gare ni a ƙasar nan, ba mai kai musu gaisuwa sai ni, kuma kai ne ka ce kada a bar kowa.

Saura abu ɗaya, kai kaɗai zan gaya wa. Ranar da ubanka ya cika, da hantsi ne. Na dama koko na shigo, na gan shi yadda na bar shi, kumatu a kan takardarka. Na ce, kafinta, tashi ka sha. Shiru. Na ce, uban Idirisu, tashi. Na ce, Jowakin. Sai na ajiye ƙwaryar. Na duba ɗakin, ba kowa, ba wanda zan ji wa kunya. Na sa bakina a kunnensa, wannan kunnen da ubansa ya raɗa masa suna a ɗakin bayi, na ce, Yahaya. Yahaya, tashi.

Suna ne mai daɗi a baki. Ban sani ba sai ranar.

Kakarka,
Uwani